Kafin Ka Taya, Ƙirga Kwanaki: Tarihin Aikin Hannu a Garuruwan Hausawan Jazira da Nil Azrak

 A wannan fitowa za mu waiwayi tarihin wasu abubuwa da kake taɓawa kullum a kasuwa: hular da aka ɗinka da allura, katifar auduga, kuben wuƙa, takalmin fata, da ƙarfen da ya fito daga maƙera. Kai da ke saye da sayarwa ka san farashinsu. Abin da muke so ka sani yau shi ne hanyar da suka biyo, da kwanakin da kowanne ya ci kafin ya iso gabanka.

Mu fara daga hanyar. A watan Maris na 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya fita hijira ya nufi gabas, jama'a suka yi ta bin sa daga birane da ƙauyuka. Ranar 27 ga Yuli na wannan shekara aka gwabza a Burmi, cikin ƙasar Gombe ta yanzu, nan ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno, ya ja ragowar jama'a suka ci gaba, har wajen 1906 suka sauka a bakin kogin Nil Azrak, kusa da Shehu Ɗalha. Daga baya aka kafa garin da ke ɗauke da sunansa, Maiwurno, kudu da Sinnar. Tun kafin su akwai alhazai a wannan hanya, bayansu ma wasu sun yi ta biyowa ta Borno, Wadai, Darfur da Kurdufan, suna neman tashar Sawakin su ƙetare zuwa Jidda.

To, tambayi kanka: mutumin da zai yi shekaru yana tafiya a ƙasa, da me zai ci? Kuɗin guzuri kan ƙare tun kafin a bar Borno, dabba kan mutu, kaya kuma 'yan fashi kan ƙwace. Abin da ke kai mutum shi ne abin da hannunsa ya iya. Maɗinki ya zauna a gari wata uku ya yi ɗinki, ya tara na gaba. Baduku ya gyara sirdi da salka. Wanzami ya yi aski da ƙaho. Maƙeri ya kafa zuga-zuginsa a gindin bishiya, malami ya rubuta Alƙur'ani da hannu ya sayar. Da yawa daga zangunan da waɗannan mutane suka yada su ne suka zama unguwanni da ƙauyukan Hausawa da ka sani a Madani, Sinnar, Sinja, Gadarif da Damazin.

Ɗauki ɗinkin cushe, wato a haɗa ƙyalle biyu a cusa auduga tsakani a bi da allura layi-layi. Yau katifa da bargo muke yi da shi, amma a da kayan yaƙi ne. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Lifidi riga ce mai kauri ta doki da mahayinsa, a cushe ta da audugar rimi, a ɗinke ta sosai yadda cushen ba zai zame ya taru wuri guda ba. In kibiya mai dafi ta zo, sai ta maƙale a cikin audugar ba ta kai ga fata ba. Ka ga ke nan ran barde yana rataye da allurar maɗinki. Layi ɗaya da aka yi wa ha'inci, aka tsallake, nan kibiya za ta shiga. Lifidi yana da nasa aibi: yana da nauyi, har ɗan lifida sai an taimaka masa ya hau, kuma yana tsoron wuta. Amma ya yi ɗaruruwan shekaru yana aiki, kuma har gobe kana ganin 'yan lifida a hawan salla a Kano, Katsina da Zazzau.

Da masu hijira suka iso Sudan, ba su tarar da wannan aiki baƙo ba. Dawakin sarakunan Funj, waɗanda suka mulki Sinnar daga 1504 zuwa 1821, da na Darfur, su ma da irin wannan rigar cushe ake shiga da su fagen fama. Bayan yaƙin Karari, a bakin Umdurman, ranar 2 ga Satumba 1898, Turawa sun kwashi irin waɗannan riguna, wasu suna ajiye a gidajen tarihi na Ingila har yanzu. Haka jibbar Ansaru: da fari tsumma ce mai faci, alamar gudun duniya, amma a zamanin Halifa Abdullahi facin ya zama aikin gwanaye, ana yanka shi daidai, ana jera shi dama da hagu, ana bin gefensa da zare. Da yaƙin doki ya wuce, allurar ta koma ɗakin amarya. Mai gyaran katifa da ake kira munajjid a Sudan, wanda ke kaɗa tsirkiyar bakansa cikin tsohuwar auduga har ta tashi ta yi laushi, aikinsa ɗaya da na tsohuwar da ke shiɓa a ƙauyen Katsina.

Yanzu bi audugar da kanta, ka ƙirga hannuwa. Wani ya noma, wata ta tsince. A gurje ta a fitar da angurya, a shiɓe, sannan mace ta zauna da mazari da alli tana kaɗi, dare bayan dare, kafin zaren ya isa a kai wa masaƙi. Masaƙi ya saƙa ƙwarya-ƙwarya, siririya, maɗinki ya haɗa su gefe da gefe. In turkuɗi ake so, a kai marina a tsoma a baba, a fitar a sha iska, a sake tsomawa, sau da yawa, sannan a kai mabuga a buga har ya yi ƙyalli. Baturen nan ɗan Jamus, Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ga yadda tufafin Kano ke kaiwa har Tumbutu da Tarabulus. A Wadai da Darfur ƙyallen saƙa kuɗi ne, da shi ake ciniki, kamar yadda dammur ya kasance a ƙasar Sinnar. Mutanen da suka mai da ƙyalle kuɗi sun san abin da ke cikinsa: kwanakin mutum ne aka naɗe.

A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe gandun Jazira. Hausawa da Fulani da Barebari sun zuba ƙarfinsu a wannan gandu, wajen haƙar magudanai, noma da tsintar auduga, wasu suna tara kuɗin Makka, wasu sun riga sun zauna. Audugar mai dogon gashi ce, mai daraja, amma ba don mazarin tsohuwa aka shuka ta ba. Jirgin ƙasa ke kwashe ta zuwa Bur Sudan, jirgin ruwa ya kai ta masaƙun Ingila, ta dawo a matsayin yadi mai araha. Abin da ya sami masaƙan Kano bayan jirgin ƙasa ya isa can a 1911 shi ya sami masu dammur a bakin Nil. Wanda ya tsinci audugar da hannunsa ya koma sayen yadin kanti, masaƙi ya rasa mai taya masa. Ayyukan da suka fi jurewa su ne waɗanda inji bai iya kwaikwaya da wuri ba: ɗinkin hula, aikin wuyan riga, dukanci da ƙira.

Kai makiyayi, dukanci daga garkenka yake farawa. Fatar akuyar da ka yanka, in an feɗe ta ba tare da wuƙa ta huda ba, aka shanya ta a inuwa, ita majemi ke nema. Zai jiƙa ta, ya cire gashi, ya tsoma ta cikin ruwan bagaruwa, ya yi ta murza har ta yi laushi. Bagaruwar nan ita ce garad da kake gani a kasuwannin Sudan, 'ya'yan itacen sunut da ke cike da bakin Nil Azrak. Bahaushen majemi da ya sauka a Sinja ya tarar da maganin jimarsa yana jiran sa a gindin bishiya. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi kuwa, tun da daɗewa ake ƙetare Sahara da ita, Turawa suna saye a hannun 'yan Maroko suna kiran ta da sunan Maroko, alhali a ƙasar Hausa aka jeme ta. Wannan darasi ne ga kowane falke: in mai aiki ba shi da suna a kan kayansa, ribar da sunan duk na mai tsakiya ne.

Sai maƙera. Kayan aikinsu ba su da yawa: zuga-zugi, uwar maƙera, masaba, awartaki, da gawayi mai ƙarfi irin na ƙirya. Sauran duk a ido da kunne yake. Yaro kan fara da zuga, ya yi shekaru yana kallon launin ƙarfe a wuta kafin a ba shi masaba. Tarihin Kano ya nuna Sarki Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga a fada. Bindigogin daga waje suke zuwa, amma in kunama ta karye ko bakin ya tsage, ba a mai da su Turai, maƙerin gari ke gyarawa, kuma daga gyara aka koyi ƙerawa. Rabe, wanda ya fito daga wajen Khartum ya ci Borno a 1893, yana da masu gyaran bindiga a Dikwa. Halifa ma yana da ma'aikatar harsashi a Umdurman. Bindigar toka ta maharba daga wannan gado ta fito. Aiki ne da ba ya yafe kuskure, don in akwai rauni a bututun da ido bai gani ba, a hannun mai ita za ta fashe. Shi ya sa maharbi ba ya zuwa wurin maƙerin da bai san uban gidansa ba. A yau ƙera bindiga ko riƙe ta ba da izinin hukuma ba laifi ne a ƙasashenmu duka, kuma mun ga abin da yawan makami ya jawo mana. Gwanintar dai ba ta ɓata ba, tana nan cikin lauje, gatari, fartanya, linzami da wuƙar damtse. Takobin Kasala ma, da ake yi wa kube na jar fata, hannu uku ne ke haɗuwa a kansa: maƙeri, mai ƙota da baduku.

To, yaya za ka kimanta irin wannan kaya? Yi lissafin da ka saba yi wa dabba. Ba ka sayar da bijimi a kuɗin ciyawar da ya ci jiya, kana lissafa shekarun kiwo, da tafiyar rani, da daren da ka kwana kana gadi. A ce mace ta yi mako biyu tana ɗinka hula tsakanin girki da raino. Cire kuɗin yadi da zare daga abin da ka ba ta, ka raba ragowar gida goma sha huɗu. In abin da ya fito bai sayi kwanon dawa ba, ka san wanda ya biya arahar da ka samu. Sannan ka duba ƙarko. Takalmin roba da za ka canza sau uku kafin kaka, da markub na fata da za a sake wa tafi a ci gaba da takawa, wanne ne mai tsada?

Ga yadda za ka gane aikin ƙwarai. Juya hula ka dubi cikinta: ɗinkin hannu ba ya zama daidai kamar na inji, amma zaren a ɗaure yake, ba ya zarewa in ka ja. Katifa, ɗaga ta ka girgiza, in cushen ya gudu gefe guda an yi rowar allura. Fata, lanƙwasa ta, in ta yi fari ta tsage a wurin, jimar ba ta nuna ba. Wuƙa kuwa, ƙyasta ta da farce ka saurari ƙararta, ka duba inda ruwan ya shiga ƙota.

Dalilin da ya sa muka ɗauko wannan zance yanzu ba ɓoyayye ba ne. Rikicin 2022 ya tashi dubban Hausawa daga Rusairis da Wad al-Mahi. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya kai Madani a watan Disamba na wannan shekara, ya kai Sinja a tsakiyar 2024. Mutane sun bar gona, shago da keken ɗinki, sun fita da abin da ke jikinsu, kamar yadda kakanninsu suka bar Burmi. Da yawansu abin da ya rage musu shi ne allura, basilla ko masaba. Za ka gamu da su a tasha, a bakin sansani, a kasuwar kan iyaka, sun shimfiɗa hula biyar ko kube uku a kan buhu.

Ciniki halal ne, ba wanda ya ce kada ka taya. Amma mai yunwa zai sallama maka a kowane farashi, kuma ka san haka. In ka saya a ƙasa da wahalarsa, gobe ɗansa ba zai zauna ya koya ba, jibi kai ma ka nemi mai gyara maka sirdi ka rasa. Tambaye shi kwana nawa aikin ya ci. In za ka sara da yawa, ba shi kafin alƙalami ya sayi zare da fata, ka riƙe sunansa da garinsu, ka faɗa wa wanda ka sayar wa a ƙetaren iyaka aikin wane ne. Kai kuma makiyayi, kula da fiɗa da shanya, ka kai fatarka wurin majemi tana da kyau.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa, ya sa albarka a garke da fatauci. Sai mun haɗu a shiri na gaba.