Yadda Bishara Ta Shigo Ƙasar Sakkwato

A wannan biki na cika shekara 50, mu tuna baya. Gwamnatin Turawa ta daɗe tana hana 'yan mishan wa'azi a ƙasashen sarakuna. An buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, amma wa zai kawo shi Sifawa, Boɗinga ko Shagari? Sai wajen ƙarshen shekarun 1930 aka danƙa wa SIM asibitin kutare na Amanawa. A can ne waɗanda dangi suka ƙaurace musu suka ji cewa ceto alherin Allah ne, ba ladan aiki ba, Yesu ya riga ya biya fansa da jininsa. Waɗansu da suka warke suka koma ƙauyukansu ɗauke da Sabon Alkawari.