Amshi a Majami'a: Dalilin da Ya Sa Bakin Jama'a Ke Mutuwa Lokacin Sujada

Kiristocin ƙasar Adar 'yan ƙalilan ne, tarihinsu kuma gajere ne. Mishan ɗin SIM ta sauka Damagaram a 1924, ta kafa zango a Tsibiri kusa da Maraɗi, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, daga wannan aiki ne kuma ikilisiyar EERN ta fito bayan samun 'yancin Nijar. 'Yan Katolika na Tawa suna ƙarƙashin bishop na Maraɗi tun 2001. A irin wannan ƙaramin taro, mutum goma in suka yi gum kowa sai ya ji giɓin. Abin da fastoci da dattawa ke yawan kokawa a kai ke nan: ƙungiyar mawaƙa na ta rerawa a gaba, jama'a na tsaye a baya kamar 'yan kallo. Galibi akan ɗora laifin a kan kasala ko sanyin bangaskiya, a bi da wa'azi. A ganina an yi kuskuren gano ciwon. Jama'a kan yi shiru ne idan ginin waƙar bai bar musu ƙofar shiga ba, ƙofar da Bahaushe ya sani kuwa ita ce amshi.

Hujjar farko tana wajen majami'a. Matar da ba ta buɗe baki ranar Lahadi ita ce ke waƙa a bakin turmi, taɓarya na bugawa tana tafi tsakanin bugu da bugu. 'Yan mata a dandalin Tebaram ko Bambay ko Kalfu ba sa jiran a roƙe su kafin su shiga gaɗa: ɗaya ta bayar, saura su amsa, wadda ta zo a makare ta ji amshin sau biyu ta kama. Manyan makaɗa ma haka suke. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata kowannensu yana da 'yan amshi, gindin waƙa kuma shi ake komawa gare shi bayan kowane ɗa, shi ya sa wanda bai haddace komai ba yake iya riƙe gindin. Mutanen da suka tashi cikin wannan tsari, a Tawa, garin da aka raɗa wa gasar kiɗa sunan mawaƙinsa Ɗan Gurmu, ba za a ce ba su iya waƙa ba.

To me ke faruwa idan sun shiga majami'a? Abin da aka miƙa musu shi ne Littafin Waƙoƙi, wanda mishan ta shirya, kuma yawancin abin da ke ciki fassara ce daga waƙoƙin Ingila da Amurka, da muryoyinsu na asali. Littafin ya yi aiki babba, tare da Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932 ya haɗa Kirista na Galmi da na Jos a kan harshe ɗaya, kuma akwai waƙoƙinsa da suka shiga jinin tsofaffi har ba a raba su da jana'iza. Amma Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. Kukan jariri da kukar miya sauti ne kawai ya raba su, garin da ake zaune da garin tuwo kuma tsawon wasali ne. Mawaƙin Hausa yana auna gaɓoɓinsa, mai nauyi da marar nauyi, muryarsa kuma takan bi hawa da saukar magana. Muryar da aka tsara don Turanci ba ta san wannan ba, sai ta ja gaɓar da ya kamata a taƙaita, ta ɗaga wadda ya kamata a sauke. Mai rerawa yana jin harshensa na tuntuɓe ko da bai san dalili ba, wanda ke tuntuɓe kuwa rage murya yake yi. Ƙari a kan haka, waƙa mai baiti biyar da babu maimaici tana bukatar littafi a hannu da ido mai karatu. A karkarar da maza da yawa ke tafiya cin rani, mata da tsofaffi su ne ke cika benci, kuma su ne boko ya fi bari a baya. Idan jagora ya kira lambar waƙa, rabin ɗakin an riga an sallame su.

Na'ura ta zo ta ƙara. Lasifikar da aka ɗaure don fili, in aka kunna ta a ɗaki mai rufin kwano, mutum ba ya jin muryarsa balle ta na kusa da shi, kuma ba wanda ke daɗewa yana waƙar da ba ya ji. Mai makirfo kan ɗauki waƙa can sama inda muryarsa ta fi daɗi, tsohuwa ta gwada sau ɗaya ta haƙura. Shi ya sa ɗaukewar wuta kan zama gwaji mai ban mamaki: piyano ya mutu, sai a ji ko akwai ikilisiya a ɗakin.

Wannan ja-in-ja tsoho ne. Zabura ta 136 aya 26 ce, kowace aya tana ƙarewa da amshi guda. Littafin Fitowa sura 15 ya nuna Maryamu da ganga a hannu mata na biye da ita. Wajen shekara ta 112 wani gwamnan Rum, Filini, ya rubuta wa sarkinsa cewa Kiristoci kan taru kafin ketowar alfijir suna waƙa, wani sashe na amsa wa wani. Daga baya waƙa ta koma hannun ƙwararru da harshen Latin, har sai da Martin Luta da abokansa suka fitar da littattafan waƙa da Jamusanci a 1524. Majalisar Fatikan ta Biyu, a takardarta ta 4 ga Disamba 1963, ta nemi jama'a su shiga sujada da bakinsu, ta kuma ce a girmama kiɗan gargajiyar al'ummomi. A ƙasar Hausa kuwa Zumuntar Mata ta riga ta nuna hanya ba tare da wata takarda ba. Mace ɗaya ta bayar, saura su amsa, da ganga da tulu da caki, kuma sau da yawa lokacin da suka tashi ne kaɗai ɗakin gaba ɗaya ke motsi.

Akwai masu cewa amshi ba shi da zurfi, layi ɗaya ake ta nanatawa, alhali tsofaffin waƙoƙi na ɗauke da koyarwa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, don akwai gajerun waƙoƙin da babu komai cikinsu sai zafi. Sai dai laifin na mai tsarawa ne. A waƙar Hausa nauyin magana yana cikin ɗiyan da jagora ke kawowa, gindi kuwa ƙugiya ce da ke riƙe su. Mawaƙin fada kan jero tarihin gidan sarauta kaf a haka. Labarin ɗa ɓatacce ko na Yusufu zai shiga wannan mazubi ba tare da an zubar da komai ba, kuma wadda ba ta karatu za ta koma gida da shi a baki.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. A Adar goge na tuna wa mutane bori, kalangu na tuna musu roƙo, kuma ƙaramar jama'a da ke zaune tsakiyar maƙwabta Musulmi tana da dalilin kiyaye mutuncin ibadarta. 'Yan mishan na farko ma sun yi ɗari-ɗari da ganga. Amma amshi bai dogara ga wani abin kiɗa ba, da tafi kawai ana yin sa, ko da baki zalla. Ikilisiya na iya ajiye goge ta riƙe tsarin. Haka nan masu cewa taron birnin Tawa ya haɗa ma'aikata daga Benin da Togo da Najeriya, don haka Faransanci ya fi raba gardama, sun manta cewa baƙon da ba zai iya bin baiti biyar na Hausa ba zai kama amshi mai kalma shida tun Lahadin farko, Ba'adare ma zai kama nasa.

Ƙungiyar mawaƙa tana nan da aikinta, shi ne ta bayar ta kuma koyar. Fastoci da shugabannin waƙa na Adar, ku rage ƙarar lasifika, ku saukar da murya inda tsohuwa za ta kai, ku zauna da matan Zumunta su tsara muku waƙoƙi daga Littafi Mai Tsarki da karin garinsu, ku kuma ware minti biyar kafin sujada a koya wa jama'a amshin ranar.