Kuɗin Karatun Mai Tsaron Littattafai

Duk wanda ya tashi a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni, kamar yadda na tashi, da Asibitin Malam yake kwatance. An kafa shi a 1988, lokacin da gwamnatin Jihar Kano ta miƙa wa gwamnatin tarayya wani ƙaramin asibiti domin koyar da ɗaliban likitanci na Jami'ar Bayero. Ya fara aiki a Asibitin Murtala da ke cikin birni, sannan ya tare a mazauninsa na Titin Zariya a 1996. Kowa ya san cewa likitan da ke ciki an kashe kuɗi wajen horar da shi, kuma ba a gardama a kan wajibcin hakan. Amma a cikin wannan haraba akwai laburare, akwai kuma mutanen da aikinsu shi ne su kai likita ga binciken da zai dogara da shi. Su ma sai an koya musu, sai kuma sun ci gaba da koyo, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tambayar da na bi sawunta ita ce, wa ya riƙa biyan kuɗin karatun waɗannan mutane? Abin da na tarar shi ne, a mafi yawan lokaci baƙo ne ya biya, in baƙo ya tafi kuma sai aljihun ma'aikacin ya ɗauka.

Kano ta san littafi tun kafin ta san laburare. Malaman zaure sun tara takardu a cikin gafaka da adaka, ɗa ya gada daga uba, almajiri ya kwafa daga malaminsa. Abin da Turawa suka zo da shi shi ne mai albashi wanda sana'arsa ke nan, tsara littattafai da ba da aronsu. Ɗakunan karatun da En'e-En'e suka buɗe a garuruwan Arewa a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, akasarinsu an damƙa su ne ga mutanen da ba a koya wa aikin ba. An buɗe wata makarantar koyon aikin laburare a Achimota, ƙasar Gana ta yanzu, a 1944, a hannun wata Baturiya mai suna Ethel Fegan wadda ta taɓa aikin ilimi a Arewacin Nijeriya, amma makarantar ba ta yi tsawon rai ba. Bayanta, mai son takardar shaida sai ya zauna jarrabawar ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Ingila, ko ya samu mai kai shi can.

Al'amarin ya ɗauki sabon salo bayan taron da UNESCO ta kira a Ibadan a 1953 a kan ɗakunan karatu na jama'a a Afirka. Daga shi aka samu ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Afirka ta Yamma a 1954, wadda ta Nijeriya ta fito daga cikinta a 1962. Gidauniyar Carnegie ta Amurka ta turo Harold Lancour ya zagaya, ya rubuta rahotonsa a 1958, kuma da kuɗinta aka kafa makarantar koyon aikin laburare a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, ƙarƙashin kulawar John Harris, shugaban laburaren kwalejin. Wato dai ribar wani attajirin ƙarfe da ya mutu tun 1919, wanda bai taɓa taka ƙasar nan ba, ita ce jarin farko na wannan sana'a a Nijeriya. Ban faɗi haka don raina kyauta ba. Na faɗa ne domin a ga inda aka ɗora harsashi.

Makarantar Ibadan ta karkata ga masu digiri, waɗanda za su ƙara da ilimin laburare a kan wani fannin da suka riga suka karanta. Arewa kuwa a wancan lokaci masu digirinta ba su ma ishi ofisoshin Kaduna ba, balle a raba da laburare. Gwamnatin Arewa ta samu wani masani daga Ostireliya, F. A. Sharr, ya duba mata buƙatunta, ya miƙa rahoto a 1963 inda ya ba da shawarar a horar da ma'aikata a nan gida. A 1968 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buɗe sashen ilimin laburare, ta kuma fara ba da digirin farko a fannin, abin da ba a saba ba a ƙasar. An yi ta ka-ce-na-ce. Wasu na ganin an rage wa sana'ar daraja, tunda yaron da ya fito daga sakandare zai shiga kai tsaye. A ganina mutanen Zariya sun fi fahimtar halin da ake ciki: ɗakin da ba kowa a cikinsa ba a yi masa zancen daraja. Jami'ar Bayero ta bi sahu a 1977, shekarar da ta zama cikakkiyar jami'a, ta Maiduguri kuma a 1978.

Shekarun 1970 su ne lokacin da gwamnati ta ɗauki nauyin da kanta, saboda kuɗin mai ya shigo, naira kuma ta fi dala daraja. Jami'o'i suka tura matasan ma'aikatansu Ingila da Amurka neman digiri na biyu da na uku. Akwai misali guda da nake yawan tunawa, domin ya nuna abin da ma'aikacin laburare zai iya yi in an ba shi lokaci da guzuri. Alhaji Umar Falke malami ne kuma ɗan kasuwa Bakano, ɗan ɗariƙar Tijjaniyya, wanda ya rasu a 1962. Ya bar takardu sama da 3,000, na Larabci da na Hausar ajami: fiƙihu, tauhidi, waƙoƙi, wasiƙu, da laƙanin magunguna. Waɗannan takardu suna laburaren Jami'ar Northwestern a Amurka. A 1978 Abdullahi Mohammed, masanin ilimin laburare daga Zariya, ya kammala digirinsa na uku a wannan jami'a da kundi a kan Umar Falke da tarin littattafansa. Ya nuna abin da falke mai ilimi yake karantawa, da yadda littafi yake bin hanyar fatauci. Har yau masu nazarin tarihin ilimi a Kano suna komawa ga wannan aiki. Abin da ke sosa mini rai shi ne, sai da Bahaushe ya tsallaka teku kafin ya zauna da takardun Bakano, amma ko ba komai an samu wanda ya biya masa kuɗin jirgi, an kuma ɗauke masa aikin ofis na shekaru.

Wannan yalwa ba ta daɗe ba. Farashin mai ya faɗi, gwamnatin Janar Babangida ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, naira ta fara gangarowa. Zuwa 1993 dala ɗaya ta kai wajen naira 22 a farashin gwamnati. Laburaren jami'a kuwa da kuɗin waje yake rayuwa, domin mujallun ilimi daga waje ake odarsu, kuma duk shekara sai an sabunta. Wanda ya shiga tsofaffin laburarorinmu zai ga shaidar da idonsa: jerin mujalla ya taho shekara bayan shekara cikin bango mai kyau, sai ya tsaya cak a tsakiyar shekarun 1980. In littafi bai samu kuɗi ba, ina ga mai kula da shi? Zuwa taron ƙara wa juna sani da tafiya ƙaro ilimi su aka fara yankewa. Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 120 a 1990 domin jami'o'in tarayya su sayi littattafai da kayan aiki, su kuma horar da ma'aikata, sai dai rance ne, kuma da sharuɗɗansa ya zo. A tsakiyar wannan fari aka haifi asibitin unguwarmu. Laburarensa bai ga zamanin yalwa ba ko na kwana ɗaya.

Maganin da ya fi daɗewa daga gida ya fito, kuma da hannun Kano a ciki. A 1992 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ƙarƙashin Attahiru Jega na Jami'ar Bayero, ta yi dogon yajin aiki har ta cim ma yarjejeniya da gwamnatin soja. Daga wannan yarjejeniya aka samu ƙa'idar ware wa laburare kashi 10 cikin ɗari na kuɗin gudanar da jami'a, ko da yake ƙa'idar ta yi rauni bayan 'yan shekaru. Daga ita kuma aka samu dokar harajin ilimi ta 1993, wadda ta ɗora wa kamfanoni kashi 2 cikin ɗari na ribarsu. A wannan tsakanin ne matsayin ma'aikatan laburare masu digiri ya tabbata a sahun malaman jami'a, sannan dokar 1995 ta kafa hukumar yi musu rajista.

Wannan matsayi riga ce mai kyau, amma da nauyinta. Malamin jami'a ba ya samun ƙarin girma sai ya yi bincike ya wallafa, don haka ma'aikacin laburare ma aka ce ya wallafa. Sai dai malami in ya gama laccarsa yana iya rufe ƙofa ya yi karatu, yana kuma da hutun ɗalibai. Ma'aikacin laburare daga takwas na safe zuwa huɗu na yamma yana kan tebur, in makon aikin dare ne ya kai har bayan isha'i, ranar Asabar ma ba lalle ya huta ba. An ɗora masa ma'aunin malami, an bar shi da agogon akawu. Na yi shekaru a wannan aiki a wata babbar makaranta, na kuma ga abokan aiki suna zuba adashi domin wanda ya ɗauka ya biya kuɗin mota da masauki zuwa taron ƙungiya na shekara, ko ya biya mujalla kuɗin buga maƙalarsa. Na ga wadda ta yi digiri na biyu da kuɗin sayar da zannuwan gado.

Baƙi sun sake dawowa a farkon shekarun 2000. Gidauniyar MacArthur ta zaɓi jami'o'i huɗu ta tallafa musu, wato Bayero da Ahmadu Bello da Ibadan da Fatakwal, aka kuma haɗa laburarorinsu da Cibiyar Mortenson ta Jami'ar Illinois domin koya wa ma'aikata sarrafa kundin littattafai da kwamfuta. Wanda ya fi shafar Gyaɗi-Gyaɗi shi ne shirin HINARI da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2002, inda manyan kamfanonin ɗab'i suka buɗe wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi mujallun likitanci wajen 1,500 ta intanet. Giɓin da aka yi shekara goma sha biyar ana kuka da shi, sai ga shi an cike babban ɓangarensa ba tare da an sauke kwali ko ɗaya a tashar jirgi ba. To, amma shirin ba ya tafiya da kansa. Sai cibiya ta yi rajista, sai an samu mai riƙe lambar sirri, sai an samu wanda ya iya tace dubban maƙaloli ya fito da goman da ake buƙata. Likitan da ke neman zama ƙwararre dole ya rubuta kundin bincike kafin ya ci jarrabawarsa ta ƙarshe, kuma ba a koya masa wannan tacewa a ɗakin tiyata ba. A nan ne bambanci ya fito tsakanin laburaren da aka horar da mutanensa da wanda aka cika shi da kwamfutoci kawai. Kwamfutocin wancan tallafi sun daɗe da mutuwa. Mutanen da aka horar su ne suka horar da mu.

A 2011 aka sake fasalin asusun harajin ilimi ya koma TETFund, aka taƙaita shi ga jami'o'i da kwalejojin fasaha da na ilimi mallakar gwamnati, ana raba musu a kan biyu, ɗaya, ɗaya. An ɗaga harajin zuwa kashi 2.5 a 2021, sannan kashi 3 a 2023. Asusun yana da kason bunƙasa laburare, da na tura ma'aikata ƙaro ilimi, da na halartar taruka, da na bincike. Gaskiya ce a faɗa, ma'aikatan laburare da dama a Kano sun yi digiri na uku ta wannan hanya, wasu a gida, wasu a Malesiya da Afirka ta Kudu da Ingila, abin da iyayen gidanmu na shekarun 1990 ba su yi mafarkinsa ba. Sai dai kason laburare na kaya ne, littattafai da kantoci da na'urori. Kason mutane kuwa kowace makaranta ita ke zaɓen wanda za ta tura, kuma a teburin rabo mai koyarwa a aji ya fi mai tsaron littattafai murya. Sau da yawa rijiya ta bayar, guga ne ya hana.

Mu ma muna da namu. Binciken da ba a ba shi kuɗi ba ƙarami yake fitowa, shi ya sa mujallunmu suka cika da maƙaloli iri ɗaya: a raba wa ɗalibai takardar tambayoyi, a ƙirga waɗanda suka ce sun gamsu, a buga. Wannan shi ne abin da albashin wata ɗaya zai iya saye. Aiki irin na Falke, wato a shiga gidajen malamai na Madabo ko Salga a zauna da magada, a jera takardu ɗaya bayan ɗaya, a ɗauki hotonsu, yana son shekaru da abin hawa da wanda zai riƙe maka tebur kafin ka dawo. Takardun suna nan, gara da damina suna aikinsu.

Sannan akwai wani rata da dokar 2011 ta bari, wanda a unguwarmu ake ganinsa ƙuru-ƙuru. Asibitocin koyarwa a ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya suke, ba sa cikin jerin makarantun da dokar ta ambata. Ke nan a irin wannan haraba za ka iya samun mutum biyu masu digiri iri ɗaya, suna yi wa ɗalibai da likitoci iri ɗaya hidima, ɗaya ma'aikacin jami'a, ɗaya na asibiti. Na farkon yana iya cike fom ɗin asusun ya jira sa'arsa. Na biyun sai ya jira abin da ya ragu a kasafin asibiti, bayan an sayi magani, an biya kuɗin wuta, an zuba wa janareta dizal.