Amanar Shugaban Makaranta a Ƙasar Hausa: Daga Fiƙihun Ƙairawan zuwa Dokokin Yau

Gabatarwa

Duk uban da ya kai ɗansa makaranta ya juya ya tafi gida, ya bar wa shugaban makarantar amanar abubuwa uku: jikin yaron, da hankalinsa, da addininsa. Wannan maƙala ta bi tarihin wannan amana a ƙasar Hausa, tana mai waiwayar kudancin Jihar Jigawa, wato ƙasar Birnin Kudu da Gwaram har zuwa garuruwa irin su Dingaya, inda tsangaya da Islamiyya da makarantar boko suke zaune kafaɗa da kafaɗa. Abin da tarihin ya nuna shi ne, iyakokin da dokokin zamani suka gindaya wa shugaban makaranta, malaman Malikiyya sun riga sun zana mafi yawansu shekaru fiye da dubu da suka wuce. Abin da ya sauya shi ne wanda shugaban yake amsa tambaya a gabansa, kuma daga wannan sauyi ne akasarin matsalolin yau suka samo tushe.

Iyakokin da Fiƙihu ya Zana

Mazhabar Imam Malik ta iso ƙasar Hausa ta hannun malaman Afirka ta Arewa da na Mali, kuma a birnin Ƙairawan na ƙasar Tunisiya ta yau aka rubuta littattafan farko a kan hukuncin malamin yara. Muhammad bn Sahnun, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira (870 Miladiyya), ya wallafa Adabul Mu'allimina. Bayansa Abul Hasan al-Ƙabisi, wanda ya rasu a 403 (1012), ya faɗaɗa maganar a cikin Ar-Risalatul Mufassala.

Waɗannan malamai sun ɗauki karantarwa a matsayin ƙulla yarjejeniya tsakanin uba da malami, mai ɗauke da haƙƙi da lamuni. Ibn Sahnun ya wajabta wa malami daidaita ɗan mai kuɗi da ɗan talaka a wajen koyarwa. Ya hana shi shagala da wata sana'a a lokacin karatu, ya hana shi aiken yara wajen biyan buƙatun kansa. A wajen horo kuwa, ya ƙayyade bulala uku, ba a wuce su sai da izinin uba, kuma ko da izinin ba a haura goma. Ya hana duka a kai da fuska, ya hana duka cikin fushi, ya hana a yi wa yaro horo da yunwa ko ƙishirwa. Ya kuma ƙi malami ya danƙa wa wani ɗalibi ikon dukan 'yan uwansa. Idan malami ya ƙetare haddi har ya jawo rauni ko rasa rai, maganar diyya tana hawa kansa. Al-Ƙabisi ya ƙara da cewa idan uba ya gaza ɗaukar nauyin karatun ɗansa, nauyin yana komawa kan hukuma da jama'ar Musulmi.

Tushen wannan duka shi ne hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abdullahi bn Umar, Allah Ya yarda da su, wanda ya siffanta kowane mai riƙe da wani iko da makiyayi, ya kuma tabbatar da cewa za a tambaye shi game da abin da aka ba shi kiwo. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah Ya yi masa rahama, ya bi wannan ma'auni a cikin Nurul Albab, inda ya zargi malaman da suke tara ɗalibai a waje alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci.

Alaramma da Uban Yaro

A tsarin tsangaya, alaramma shi ne shugaban makaranta, kuma uba da kansa yake zaɓensa ya miƙa masa ɗa hannu da hannu. Babu takarda a tsakaninsu, amma akwai sanayya. Uba ya san malamin, ya san malamin da ya karantar da shi, kuma yana da ikon ɗauke ɗansa ranar da ya ga dama. Mutanen gari suna ciyar da almajirai, suna kallon yadda ake riƙe da su, sunan malami kuwa shi ne jarinsa. Wanda aka san shi da zalunci, iyaye sukan daina kawo masa 'ya'ya.

Ba a kowane lokaci aiki ya yi daidai da abin da ke cikin littafi ba. Bulala ta daɗe a hannun gardawa suna horon ƙolo da titibiri da ita, abin da Ibn Sahnun ya ƙi. Tafiye-tafiyen neman karatu zuwa gabas, da cin rani a birane, sun nesanta yaro daga idon mahaifinsa. Duk da haka, alhakin yana da fuska guda da aka sani, kuma tambayar takan fito daga ƙasa, wato daga iyaye da maƙwabta.

Zuwan Boko da Sabuwar Sarƙa

Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati a Nassarawa ta Kano a 1909. A 1922 aka yi bikin buɗe Kwalejin Katsina don horar da malamai, sannan a farkon shekarun 1930 aka tsara makarantun midil a larduna. Da haka aka sami sabon mutum a cikin al'umma, wato hedimasta, mai cin albashi daga baitulmalin En'e, mai rajistar ɗalibai da littafin rubuta abubuwan da suka faru a makaranta, wanda jami'in ilmi na lardi yake zuwa ya duba aikinsa. Manyan mutane sun riƙe wannan kujera. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi hedimasta a Midil ta Bauchi, Malam Aminu Kano kuma ya shugabanci makarantar horon malamai ta Maru, kafin siyasa ta ɗauke su.

Wannan tsari ya kawo alheri na gaske, domin ya zo da rubutaccen lissafi da sufetoci da ƙa'idar aiki. Amma ya juya akalar tambaya. Uba bai zaɓi hedimasta ba, ba shi ne yake biyansa ba, ba shi kuma da ikon sauke shi. A wurare da yawa ma hakimi da dagaci ne suke ɗebo yara su kai makaranta ba da son iyayensu ba. Shugaban makaranta ya koma mai kallon sama, yana tsoron takardar tuhuma daga ofis fiye da kukan uban yaro.

Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram ta shiga wannan sarƙa tana ƙarƙashin En'e ta Kano, sannan Jihar Kano daga 1967, sannan Jihar Jigawa daga 27 ga Agusta, 1991. Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu tana cikin tsofaffin makarantun kwana na tsohuwar Jihar Kano, kuma ta yaye fitattun mutane, cikinsu har da Alhaji Aliko Ɗangote. A irin wannan makaranta, firinsifal yakan zama uba da alƙali da ma'aji a lokaci guda. Abincin ɗaruruwan yara, da lafiyarsu, da barcinsu, da sallarsu, duk suna wuyansa dare da rana, iyayensu kuwa suna can nesa. A nan ne kuma al'adar bar wa manyan ɗalibai horon ƙanana ta yi saiwa, wadda ita ce dai matsalar gardi da ƙolo cikin sabuwar riga.

Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya ninka yawan makarantu cikin ƙanƙanen lokaci har cikin ƙauyuka. Aka buƙaci dubban hedimastoci a lokaci ɗaya, sufetoci kuwa ba su isa su kewaye su ba. Ido daga ƙasa ya riga ya yi rauni, sai na sama ma ya raunana.

Abin da Doka ta Tanada

Dokar Final Kot ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta halatta wa malamin makaranta a sashe na 55 ya yi wa yaron da bai kai shekara 18 ba horo don gyara, matuƙar bai kai ga mummunan rauni ba. Ta kuma cire kariya daga duk horon da ya wuce hankali idan aka dubi shekarun yaron da lafiyar jikinsa da ta ƙwaƙwalwarsa. Mai nazari zai ga kusancin wannan da ƙa'idar Malikiyya, wato izini mai sharaɗi, wanda lamuni yake biyo bayan ƙetare shi.

Wasu dokokin sun biyo baya. A 1993 aka kafa Majalisar Rajistar Malamai ta Nijeriya, mai ikon ladabtar da malami da soke rajistarsa. Dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tsananta hukuncin firinsifal da malami da mai sa ido fiye da na ɗalibi, har da ɗauri ba zaɓin tara. Dokar Haƙƙin Yara ta Tarayya ta zo a 2003. Dokar Ilmin Bai-ɗaya ta 2004 ta mayar da karatun shekara tara na farko kyauta kuma dole, ta sanya karɓar kuɗin makaranta a wannan mataki ya zama laifi. Kowace daga cikinsu tana da takwara a Shari'a: hana algushu, hana cin dukiyar mutane da ƙarya, da kare mai rauni.

Amma yawan dokoki bai hana aukuwar masifa ba. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300, wasu da mari a ƙafa, daga wata cibiyar gyaran hali a Rigasa ta Kaduna. A daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Jihar Katsina, lamarin da ya sa tsaron rayukan ɗaliban kwana ya zama babban nauyi a kan kowane firinsifal da ma gwamnatin da ta naɗa shi. A Kano kuma, a watan Yuli na 2022, Babbar Kotun Jiha ta yanke wa wani mai makaranta mai zaman kanta hukuncin kisa saboda sace ɗalibarsa 'yar shekara biyar da kashe ta. Lamarin Rigasa da na Kano sun nuna cewa sunan addini ko na boko ba ya tsare yaro, idan babu mai leƙawa ya ga abin da ke bayan katanga.

Kammalawa

A tsakiyar shekarun 2000 Majalisar Ilmi ta Ƙasa ta amince da kafa kwamitin gudanarwa a kowace makaranta, mai ƙunshe da iyaye da masu unguwanni da malaman addini da mata da wakilan ɗalibai. Jigawa tana cikin jihohi shida da wani shirin tallafin ilmi na gwamnatin Birtaniya ya ƙarfafa waɗannan kwamitoci a cikinsu daga 2008. Idan aka dube shi da idon tarihi, wannan yunƙuri ne na mayar wa uba da mutanen gari haƙƙin tambayar da suka rasa tun zamanin En'e.

Saboda haka, shugaban makaranta a Dingaya ko Gwaram ko Birnin Kudu, alaramma ne ko hedimasta ko firinsifal, yana tsaye a gaban masu tambaya uku. Hukuma tana tambayarsa rajista da kuɗi da sakamako. Iyaye suna tambayarsa abin da yaro ya ci, da wanda ya dake shi, da inda ya kwana. Allah Maɗaukaki kuma zai tambaye shi abin da ya ɓuya ga duka biyun. Ya dace jami'o'in Musulunci da kwalejojin ilmi su sanya littattafan Ibn Sahnun da al-Ƙabisi cikin manhajar horar da shugabannin makarantu, a karanta su tare da dokokin ƙasa, kuma a buɗe ƙofar kowace makaranta ga iyayen yaran da ke cikinta. Allah ne Mafi sani.