Kwamfuta da zafin Yamai: yadda ake gwada ta kafin a amince da ita

Da yawa cikinmu muna da ɗan'uwa a Faransa, Beljiyam ko Amurka da ke aiko wa gida kwamfuta, wasu kuma a Babbar Kasuwar Yamai suke sayen ta hannu. Can tana aiki lafiya lau. Ta zo nan, watan Afrilu ya kama, sai ta riƙa mutuwa da kanta ana tsakiyar aiki. Sau da yawa ba lalacewa ta yi ba, zafi ne.

Daga ina zafin yake?

A cikin kowace kwamfuta akwai furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi. Duk sanda aiki ya ƙaru, wutar da take ci na ƙaruwa, zafi ma haka. Fanka ce ke fitar da shi, amma da iskar ɗaki take aiki. Ɗakin Turai bai cika wuce digiri 20 zuwa 22 ba, mu kuwa a Afrilu da Mayu zafin rana na haura 40. Wannan ratar kusan duk a kan furosesa take sauka: wadda ke kai 75 a can tana iya kai 95 a nan.

Akwai kuma masu wasannin bidiyo da ke ƙara wa furosesa gudu fiye da yadda kamfani ya tsara, har su ƙara mata ƙarfin wuta. Gudu na ƙaruwa, zafi na ƙaruwa fiye da shi. In irin wannan aka aiko muku, a fara shiga BIOS a mai da komai yadda ya fito daga kamfani.

Yadda ake gwajin

Manhaja biyu ake bukata, duka kyauta ne. Ta farko mai nuna zafi, kamar HWMonitor ko Core Temp. Ta biyu mai ɗora wa furosesa aiki iya ƙarfinta, kamar OCCT ko Prime95, wadda George Woltman ya fito da ita a 1996 don aikin lissafi.

A kunna kwamfuta a bar ta minti 10 ba aiki, a rubuta zafinta. Sannan a saki gwajin, ido na kan lambobi. Minti 15 na farko su ne na lura sosai. In komai lafiya, a bar ta awa ɗaya; wadda aka ƙara wa gudu kuwa sai ta yi sa'o'i. A yi gwajin tsakanin azahar da la'asar, a ɗakin da za ta zauna. Gwajin asuba ko na cikin kilim ba ya faɗin gaskiya.

Me lambobin ke nufi?

Ƙasa da digiri 80 a tsakiyar gwaji, hankali kwance. Daga 80 zuwa 90, a kula. In ta wuce 90 tana ta hawa, a tsayar. Iyakar yawancin furosesa na Intel wajen digiri 100 ce, da yawa cikin AMD Ryzen kuma 95. In ta kai nan takan rage gudu da kanta, ko ta kashe kanta don kada ta ƙone.

Zafi ba shi kaɗai ake dubawa ba. In allo ya koma shuɗi, ko ta daskare, ko Prime95 ta nuna kuskuren lissafi, to kwamfutar ba ta tsaya da ƙafafunta ba, ko da zafin bai yi yawa ba. Irinta ce ke cinye wa ɗalibin jami'ar Abdou Moumouni aikin wata guda.

Magani

Ƙurar hunturu na toshe fanka, sai a kai wa mai gyara ya hure ta, ya canza man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya, don yana bushewa. Kar a ɗora ta hannu a kan katifa ko darduma, ta ƙasa take shan iska. A haɗa ta tebur da ondiler saboda ɗaukewar wuta.

Ƴan'uwa na waje, kafin ku aiko, ku tambaya ko an taɓa gudunta. Mai saye a kasuwa kuma ya nemi a yi gwajin minti 15 a gabansa kafin ya miƙa kuɗi. Rigakafi ya fi magani.