Gasar da Ba a Rubuta Sunan Gwanayenta Ba

Kakata ta wajen uwa tana da wata ɗabi'a da duk gidanmu na Nima ya san ta da ita. In aka miƙa mata tufa, riga ce ko hula ko rigar filo, ba ta fara duban fuskarta. Sai ta juya bayanta, ta kai kusa da ido, ta bi zaren da ɗan yatsa. In ta ga ƙulli ko zare ya yi tsalle, sai ta mayar maka da abinka ta ce, "Allah Ya amfana." In kuwa bayan ya yi sumul kamar gaban, sai ta tambaya, "Hannun wa ke nan?" Mata da yawa a layinmu sun tsufa ba su samu ta yi wannan tambaya a kan aikinsu ba.

Abin da ya tuno mini da ita shi ne wasu hotuna da 'yar ƙanwata ta aiko daga jihar Ohio ta Amurka. Ta je irin bikin nan da kowace gunduma ke yi sau ɗaya a shekara, inda manoma ke kawo shanu da tumaki da kabewa a gwada na wa ya fi. A gefe guda akwai zaure na aikin gida: burodi, da 'ya'yan itace da aka dafa da sukari aka ɗura a kwalba, da saƙa, da barguna na haɗe-haɗen ƙyallaye. Wanda ya zo na ɗaya a maƙala masa ɗan ƙyalle shuɗi. Ta ce tsofaffin da ke tsaron teburan sun yi ta yi mata ƙorafi, wai da can wuri ba ya isa, yanzu kuwa rabin teburan wayam, masu shiga gasar kuma kusan duk sa'o'insu ne. Ta rufe saƙonta da cewa, "Kawu, da Kaka tana nan da ta kwashe ƙyallayen nan duka."

Al'adar tasu tana da tushe sananne. Wani ɗan kasuwa mai suna Elkanah Watson ne ya shirya irin wannan biki a garin Pittsfield na jihar Massachusetts a 1811, kuma ba a daɗe ba ya sa kyauta ga matan da suka fi iya kaɗi da saƙa a gida. Abin da ya fi ja mini hankali a tsarin nasu shi ne takarda. Ana rubuta sunan wadda ta ci, jaridar garin ta buga, jika ya zo bayan shekara ɗari ya tarar da sunan kakarsa. Sai na tambayi kaina, mu mutanen Zongo ina namu filin yake, kuma wa ya riƙe mana takarda?

In aka bi tarihi, aikin hannun Bahaushe ya daɗe yana zuwa baje-koli, sai dai a matsayin abin kallo. A 1924 Turawan Ingila suka yi gagarumin nunin ƙasashen da suke mulka a Wembley, kusa da Landan. Sashen Afirka ta Yamma an kewaye shi da jar ganuwa irin ta Kano, a cikinta aka sa rumfunan Nijeriya da Saliyo da Gold Coast, wato Ghana ta yanzu. Matar Gwamna Guggisberg ce ta kula da rumfar Gold Coast. Aka kai masaƙa da maƙera da dukawa suna aiki a gaban jama'a, Turawa na wucewa suna leƙe. Yadda wasu jaridun Ingila suka riƙa rubutu a kan waɗannan mutane ya ɓata ran ɗaliban Afirka da ke Landan, ciki har da Ladipo Solanke, kuma yana cikin abubuwan da suka kai ga kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma, WASU, a 1925. Yau mai neman tarihin Wembley zai samu sunan gwamna da na matarsa cikin sauƙi. Badukun da ya zauna cikin sanyin Landan yana ɗinka fata, sai dai a gan shi a hoto.

Bayan 'yancin kai Ghana ta gina nata filin. Nkrumah ne ya ƙudura shi a La, gabashin Ankara, kamar yadda tsofaffinmu ke kiran Accra. Bai ga buɗe shi ba, don sojoji sun kifar da shi a Fabrairun 1966, sai Janar Ankrah ya buɗe baje-kolin farko a Fabrairun 1967. Ina ɗan firamare Kaka ta riƙe hannuna muka shiga tirotiro muka je. Na tuna wata babbar rumfa mai zagaye, da injuna, da mota mai sheƙi a kan dandamali. Ita kuwa ta tsaya a wata rumfar yadi, ta ɗauki zanen tebur da inji ya yi wa fulawa, ta juya bayansa. Mai rumfar ya yi zaton saye za ta yi. Ta ajiye ta ce da ni, "Mu je." Wurin na masana'antu ne da 'yan kasuwa masu odar kaya. Ba a yi shi don macen da ke ɗinki a tsakar gida tsakanin azahar da la'asar ba. A 2020 an rushe gine-gine da dama a filin da nufin sake gina shi.

Gasar da ta fi kama da ta Amurkawa a ƙasar nan ita ce Ranar Manoma. Ta samo asali ne daga wahalar 1983, shekarar fari da gobarar daji, shekarar da Nijeriya ta koro 'yan Ghana wajen miliyan guda suka dawo suka tarar da yunwa. Da noma ya farfaɗo, gwamnatin Rawlings ta yi bikin farko a Osino a 1985. Gwarzon manomi na farko ya tafi gida da adda biyu, da takalmin roba, da rediyo. Daga baya kyautar ta kai mota, ta kai gida, har a 2023 wata mata, Charity Akortia, ta karɓi sidi miliyan ɗaya. Wannan gasa tana da rai, ana hutu dominta a Juma'ar farko ta Disamba, kowace gunduma tana fitar da gwanayenta, kuma akwai jerin sunaye. To amma mutumin Nima ina gonarsa? Malam Amadu Futa ya sauka a wurin a farkon shekarun 1930 da dabbobinsa, lokacin fili ne. Kafin a haife ni gidaje sun cinye shi, daga Nima har Maamobi, sai lungu da kwata. Wanda ke kiwon rago uku a bayan ɗaki don Babbar Sallah ba shi cikin lissafin kowa.

Duk da haka kada mai karatu ya ɗauka matan Zongo ba su yi gasa ba. Sun yi, mai zafi ma, kuma filinta ɗakin amarya ne. Ranar da aka kai yarinya gidan miji, goggonninta da ƙawayen uwarta su ke yin jere. A tsara kwalla da langa da fanteka bisa juna tun daga ƙasa har kusa da rufi, kowane saiti da launinsa, a shimfiɗa zanen gado mai aikin zare, a jera rigunan filo, a rataya faya-fayi. Sannan gara ta biyo: alkaki, nakiya, dubulan, cincin. Washegari mata su yi ta shigowa ganin ɗaki. Wanda bai sani ba sai ya ce barka suka zo yi. Alƙalanci suka zo yi. Wata ta ɗaga kwano ta ji nauyinsa. Wata ta gutsiri alkaki ta ga ko zuma ta ratsa cikinsa ko a baya ta tsaya. Ana tambayar kwana nawa kwaɓin ya yi kafin a soya, don alkakin da bai tashi ba dutse ne. Nakiya kuwa sai an daka shinkafa ta yi laushi, kayan yaji sun ji ba su wuce kima ba, kuma ta kirki tana yin watanni ba ta lalace ba. Kafin magariba hukunci ya fito, ya bi lungu-lungu, ya isa Sabon Zongo da Fadama. Ba a ba kowa ƙyalle. Kyautar ita ce bikin gaba a zo a durƙusa a ce, "Hajiya, a taimaka mana da hannu."

Maza ma suna da tasu ranar, ranar Idi. Dattijo ya fito da rigar da mai ɗinki ya shafe watanni yana yi mata aska takwas da tambari, abokansa su kama hannun rigar suna gaisawa suna duba zare. Kowa ya san ɗinkin wane shago ne ba sai an faɗa ba.

Na sha jin ana cewa lalacin 'yan zamani ne ya kashe wannan. Ban yarda ba. Duka na farko ya zo ne tun kafin a haifi 'yan zamanin. A Nuwambar 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar ƙasar. Zongo ya girgiza. Iyalai da suka yi shekara talatin a Nima suka hau manyan motoci zuwa Nijeriya da Nijar da Togo da Mali, aka sayar da jeren da aka yi shekaru ana tarawa a kan kuɗin mota. Kaka ta ce a mako ɗaya ta rasa mata uku da suka fi ta iya alkaki. Maƙwabciyarta ta bar mata kwalla shida amana, ta ce za ta aiko a karɓa. Har Kaka ta rasu suna saman kabad ɗinta, tana goge su duk Juma'a.

Sauran kuwa lissafi ne. Gwanjon Kantamanto ya sa zanen gado ya fi zaren da za a yi masa aiki araha. Injin ɗinki mai kwamfuta yana gama wuyan riga cikin yini. Yarinyar da da za ta zauna kusa da kakarta tana riƙe zare, yanzu tana makarantar boko da safe, Islamiyya da yamma, kuma babu mai hankalin da zai ce a cire ta. Ɗaki ɗaya da mutum bakwai ke kwana ba shi da wurin turmi. Biki ya koma zauren haya, abinci a cikin roba daga mai kwangilar girki. Abin lura shi ne, duk girkin da ke kawo kuɗi kullum ya rayu, har ya mamaye ƙasa. Waakye, wanda sunansa ma daga wake ya fito, da kokon Hausa da ƙosai da tuwon zafi, yau Ashanti da Ga da Ewe duk layi suke bi su saya, kuma gwanar waakye sunanta na kan allo a bakin titi. Wanda ya shiga uku shi ne aikin da ake yi sau biyu a shekara don mutunci.

Ba kuma rashin iya shirya gasa ba ne. Muna yin musabaƙar Alƙur'ani da alƙalai da maki da kyauta da sunaye a rubuce. Muna yin gasar ƙwallo a filin Kawukudi, kuma daga irin filayen nan na Nima Mohammed Kudus ya tashi har duniya ta san shi. Da Failatu Abdul-Razak ta kwashe sa'a 227 tana girki a Tamale a Janairun 2024, duk Zongo ya kwana a kan waya, ko da yake Guinness ba su karɓa ba saboda ƙa'idar hutu. Abin da aka auna a can juriya ce, sa'a nawa ta iya tsayuwa. Ba na raina ta, amma Kaka da ta nemi a ɗebo mata miyar ta ɗanɗana.

Bara aka yi bikin wata jikar gidanmu a Maamobi. Wajen neman tsofaffin kaya aka buɗe akwatin ƙarfen Kaka, aka tarar da rigunan filo guda huɗu, farare, da jan zare da kore, furanni da tsuntsaye biyu suna fuskantar juna. Na ɗauki ɗaya na juya bayanta ba tare da na yi niyya ba. Babu ƙulli ko ɗaya. Amarya ta ce, "Kawu, Kaka ce ta yi?" Na ce ina jin ita ce. Babbar innata ta ce a'a, Kaka ba ta taɓa yin tsuntsu ba, wannan hannun maƙwabciyar nan ce mai kwalla shida. Ƙanwarta ta rantse wata Bazabarma ce da ke zaune kusa da kasuwa. Suka yi ta musu har aka kira la'asar. Da na ce to su faɗa mini sunan maƙwabciyar in rubuta, sai suka dubi juna. Kowa Maman Tagwaye yake ce mata.