Maraicin Da Ake Yi Da Takardar Ofis

Mu marubutan littattafan soyayya ba mu da jari kamar maraya: mu kashe masa uwa a shafi na uku, mu damƙa shi hannun kishiyarta, mai karatu ya yi ta sharar hawaye. To amma akwai wani maraicin da ba ya shiga littattafanmu, wato na yaron gidan marayu da ake canja masa uwa da takardar ofis.

Abin ya samo asali tun zuwan Turawa. Dokar Lugga ta 1901 ta hana kamun bayi da cinikinsu, sai sojoji suka shiga tare ayari suna ƙwace yaran da aka kamo. Ga yara rututu, ba a san garinsu ba, wasu ko yarensu ba mai ji. Shi ne gwamnati ta buɗe gidan 'yantattun bayi a Zungeru, wani kuma a Barno. Baturiya ce ke shugabantar na Zungeru, Bature kuwa a wancan zamani ba mazauni ba ne, in zazzaɓi bai kore shi ba hutu zai mai da shi Ingila. A 1909 gwamnati ta sauke nauyin, ta miƙa yaran ga 'yan mishan a Rumasha, can wajen Binuwai, daga baya aka sake kwasar gidan zuwa Wukari. Ka lissafa hannu nawa yaro ɗaya ya bi: na mai kamu, na fatake, na soja, na Baturiyar gwamnati, na mishan.

Mu nan ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa har Ɓaɓura, riƙo muka gada. Uba ya rasu, baffa ya ɗauka. Uwa ta rasu, kaka ko inna ta goya. Ban ce riƙo ba shi da aibu ba, ai da aibunsa muke cin abinci mu marubuta, amma dai fuskar da yaro ya kwanta da ita, ita zai tashi ya gani. Gidan marayu na tsintattu ne, kuma a lokacin da muke cikin Jihar Kano, can birni ake nufa da su.

A irin wannan gida gwaggona, mutuniyar Roni, ta yi shekaru tana raino. Ranar 27 ga Agusta 1991 Janar Babangida ya ƙirƙiro Jihar Jigawa, muka yi ta murna, ni ma ina yaro har da bin ganga. Sai aka zo rabon ma'aikata, kowa ya koma jiharsa ta asali. An raba motoci, an raba kujeru, aka rabo da Gwaggo zuwa Dutse. Yaran kuwa ba su da asalin da za a duba, suka zauna.

Akwai wani ɗan shekara huɗu da ba ya cin tuwo sai ita ta gutsura masa. Bayan wata shida ta tara kuɗin mota ta je dubo shi. Ta tarar an canja shugabar gidan sau biyu, kowacce da nata tsarin da nata mutanen, maigadi ma sai da ya tsare ta da tambaya a ƙofa. Yaron ya rugo ya rungume ta, ta fashe da kukan daɗi. Can sai mai kawo itace ya shigo, yaron ya sake ta ya je ya rungume shi, daidai yadda ya yi mata. Allah Sarki! Sai da na girma na ji cewa likitocin da suka duba gidajen marayun Romaniya bayan 1989 sun ga wannan hali: yaron da masu raino suka yi ta sauyawa a kansa, kowa nasa ne, don ba shi da kowa.

A 2021 Gwamna Badaru ya sa hannu a dokar kare yara ta Jigawa, madalla. Ni dai in na shiga irin gidajen nan ba na duban fenti ko buhunan shinkafar da aka kawo da azumi. Tambayata biyu ce: shugaba shekara nawa ke nan a kujera, kuma cikin masu raino wace ce ta san yaran tun suna goye?

Gwaggo ba ta sake komawa ba. Da ta rasu muna raba kayanta, a ƙasan adakarta muka sami wani ɗan kwanon samira duk ya ɓaɓɓare, mata suka yi ta tambayar na wane ne.